Ƙwaya da Ɓawo: Rigimar 'Yan Dada a Jamus

Shekara tara na yi ina aikin shirya shafi a wata 'yar maɗaba'a, tun kafin kwamfuta ta karɓe sana'ar. Kayan aikina almakashi da reza da gam da rula. A bugo mini rubutu a dogayen takardu, in yanka, in jera, in manna a kan kwali, in bar gurbin hoto. Kafin la'asar ƙarƙashin teburina ya cika da guntayen kalmomi: rabin sunan wani, ƙafar wani hoto, wata "da" ko "na" da ba ta da gaba ba ta da baya. Yaron shago ya share ya kai juji. Ban taɓa ɗaukar wannan shara a bakin komai ba sai ranar da na tsaya a gidan adana zane na Sprengel a birnin Hannover na ƙasar Jamus, ina kallon wani ɗan hoto da bai fi tafin hannu biyu ba. Tikitin jirgin cikin gari ne a ciki, da yagaggen tambarin kanti, da wata takardar naɗe kaya da ta yi dauɗa. An jera su da irin natsuwar da mai ɗinkin hula ke sa wa zarensa. Sunan mai aikin Kurt Schwitters. Da na bi labarinsa sai na tarar cewa ya taɓa neman shiga wata ƙungiya da ta yi shelar cewa ba ta da doka, ba ta da ma'ana, ba ta san babba ba ta san yaro ba, kuma ƙungiyar ta rufe masa ƙofa. Tun daga ranar abin yake cina.

Sai an koma 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, kafin a gane abin da ya haifi waɗannan mutane. A watan Oktoba na shekarar, manyan masana da marubuta da masu zane na Jamus su 93 suka sa hannu a wata takarda suna wanke sojan ƙasarsu daga abin da ya aikata a Beljiyam. Akwai Max Planck a cikinsu, akwai Röntgen wanda ya gano hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, akwai Fritz Haber, masanin haɗa sinadarai wanda bayan wata shida ya jagoranci sakin iska mai guba a kan sojoji a Ypres. A Fabrairun 1916 aka fara gwabzawa a Verdun, ba a daina ba sai Disamba, mutum wajen 300,000 suka mutu a kan 'yan tuddai. Babban hafsan Jamus, Falkenhayn, ya rubuta daga baya cewa lissafinsa shi ne a yi ta zubar da jinin Faransa har ta ƙafe. Wato kisan ma da lissafi aka yi shi, da jadawalin jirgin ƙasa, da hujja a kan hujja.

Wanda ya zauna gaban malami ya karanci manɗiƙi ya san yadda abin yake: in ka amince da muƙaddima ta farko da ta biyu, natija ta kama ka, ba ka da mafita. Ƙasa tana cikin haɗari, mai son ƙasa ba ya ƙin mutuwa dominta, saboda haka ɗauki bindiga. A ganina manɗiƙi ba shi da laifi a nan, muƙaddimar ce aka gina a kan ƙarya. Amma je ka gaya wa saurayi ɗan shekara ashirin da ya ga an dawo da abokansa ba ƙafa. Abin da ya gani shi ne mutanen da suka fi kowa iya jera magana su ne suka tura shi rami. Ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, Hugo Ball, da kansa ya nemi shiga soja a 1914, likitoci suka ƙi shi, ya je bakin daga a Beljiyam don ya gani da idonsa, ya dawo yana ƙyamar yaƙin. Shi da abokiyar zamansa Emmy Hennings suka tsallaka Suwizalan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba. Ranar 5 ga Fabrairu 1916 suka buɗe wani ɗan dandalin wasa a bayan wata mashaya a lungun Spiegelgasse na birnin Zurich, suka sa masa suna Cabaret Voltaire. Lenin yana haya a wannan lungun a lokacin, gida kaɗan tsakaninsu.

Nan Tristan Tzara da Marcel Janco 'yan Romaniya suka same su, da Hans Arp mutumin Alsas, da wani ɗalibin likitanci daga Jamus, Richard Huelsenbeck, mai son dukan ganga. Mutum uku su hau dandali su karanta waƙa lokaci ɗaya da Jamusanci da Faransanci da Ingilishi, ba mai jin wani. A watan Yuni Ball ya sa rigar kwali mai kama da bututu, da doguwar hula, har sai da aka ɗauke shi aka ɗora a dandali don ba ya iya tafiya, ya rera waƙoƙin da babu kalma ko ɗaya ta wani harshe a cikinsu, sauti ne zalla. Dalilinsa shi ne jaridu sun riga sun lalata kalmomi, sun zama kamar kuɗin da ya bi hannu dubu har rubutunsa ya goge. Arp kuma ya yayyaga takarda ya saki guntayen su faɗi, ya manna su kusan inda suka sauka. Sunan da suka ɗauka shi ne Dada. A Faransanci dokin kara ne na yara, a harshen Romaniya "e, e" ne. Mu nan da mun ji kalmar uwa ko kaka za mu tuna. Tzara ya rubuta a takardar manufarsa ta 1918 cewa kalmar ba ta nufin komai, kuma abin da ya sa suke son ta ke nan.

Akwai wani abu a wasanninsu na Zurich da ba zan tsallake ba, domin ya shafe mu. Huelsenbeck yakan karanta abin da ya kira waƙoƙin baƙar fata, waɗanda shi ya ƙirƙiro su da bakinsa, yana dukan ganga. Janco ya yi musu fuskokin kwali masu kwaikwayon dodannin Afirka. A tunaninsu Afirka wuri ne da hankali bai kai ba tukuna, inda magana ba ta wuce ƙara ba, kuma can suke son gudu. Alhali tun 1906 an buga ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci na Adam Mischlich a Barlin, mai kauri, cike da kalmomin da kowace ke da ma'anarta da ƙa'idarta. A cikin watan da aka buɗe Cabaret Voltaire ne kuma sojan Jamus na ƙarshe a Kamaru suka miƙa wuya a dutsen Mora, bayan dakarun da Ingila ta kwaso daga Nijeriya, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun daɗe suna zagaye da su. Yaƙin da 'yan Dada ke gudu ya riga ya iso Afirkar da suke mafarki. Sun tsani ƙaryar Turai, amma wannan ƙarya ɗaya sun haɗiye ta ba su tauna ba. Ina son aikinsu, wannan kuwa ba na yafe musu.

A farkon 1917 Huelsenbeck ya koma Barlin. Abin da ya tarar ya sha bamban da Zurich mai ƙoshi. Damuna ta ƙi dankali, jiragen ruwan Ingila sun tare hanyar abinci, mutane suna rayuwa a kan wata saiwa da a da dabbobi ake ba, guragun yaƙi suna bara a bakin titi. A irin wannan gari wasan sauti ba ya isa. A farkon 1918 ya yi jawabin Dada na farko a Jamus a zauren zane na I. B. Neumann, a watan Afrilu kuma aka yi babban taron abin da suka kira Kulob ɗin Dada. Mutanen da suka taru masu zafi ne. George Grosz asalin sunansa Georg Groß, John Heartfield kuma Helmut Herzfeld. Dukansu sun mai da sunayensu na Ingilishi a 1916, lokacin da gaisuwar 'yan kishin ƙasa a titi ita ce roƙon Allah ya hukunta Ingila. Akwai ƙanen Heartfield, Wieland Herzfelde, mai kamfanin buga littattafai na Malik. Akwai Raoul Hausmann, da Hannah Höch, da Johannes Baader, magini wanda hukuma ta taɓa ba shi takardar taɓin hankali, ya mai da ita garkuwa. Shi ne ya katse wa limamin babban cocin Barlin huɗuba a Nuwamban 1918, shi ne kuma ya watsa takardu a zauren majalisar ƙasa a Weimar a 1919.

Abu na farko da suka yi shi ne rabon sarauta. Baader ya naɗa kansa Oberdada, wato Sarkin Dada. Huelsenbeck ya zama Dadan Duniya, Hausmann masanin falsafar Dada, Grosz mai farfaganda, Heartfield kuma makaniken Dada, don kullum cikin shuɗin kayan aikin makanikai yake. Da farko ba'a suke yi wa ƙasar da kowa ke yawo da muƙami da lambar girma a ƙirji. Amma rawani ko na wasa ne, in ya daɗe a kai, mai shi ba ya son a taɓa. Huelsenbeck bai taɓa jure wa Baader ba. A 1920 su uku da Hausmann suka fita rangadi, Leipzig, Teplitz, har Prag. Huelsenbeck ya ba da labari cewa ana dab da hawa dandali a Prag, zaure cike da mutanen da suka zo da shirin faɗa, Baader ya sulale ya tafi da rabin takardun da za su karanta.

Rigimar da ta fi jan hankalina ita ce ta almakashi, domin sana'ata ce. 'Yan Barlin su ne suka mai da yankan hotunan jarida da harhaɗa su wani fanni na zane mai zaman kansa. To wa ya fara? Grosz ya ce shi da Heartfield ne, a 1916, da asuba, a ɗakinsa, lokacin da suke manna guntayen talla a kwali suna aika wa abokai a bakin daga don su faɗi da hoto abin da mai tace wasiƙu ba zai bari a faɗa da rubutu ba. Hausmann ya ce sam, shi ne, a bazarar 1918, da suka je hutu bakin tekun Baltik shi da Höch. A bangon gidan da suka sauka akwai hoton soja na kanti, irin wanda ake bugawa dubu-dubu, an yanko fuskar ɗan gidan an manna a kan wuyan sojan. Kusan kowane gida a ƙauyen yana da irinsa. Sun yi shekaru suna jan wannan magana. Ni abin da na ɗauka a labarin Hausmann shi ne, in gaskiya ne, to iyayen sojoji da masu ɗaukar hoton ƙauye sun riga su duka.

Amma ga abin da duk mai riƙe almakashi ya sani. Ka yanko hoton attajiri ka ajiye shi kusa da hoton yaro mai yunwa, ba ka rubuta ko harafi ba, mai kallo zai karanta jimla. Na taɓa manna hoton wani taron biki kusa da labarin gobara don gurbin ne kawai ya dace, sai da aka sake shafin, domin duk wanda ya gani cewa yake murna ake da gobarar. Idon ɗan Adam ba ya barin abu biyu su zauna kusa da juna bai ɗaura musu aure ba. Saboda haka mutanen da suka fito don su kashe ma'ana sun ƙare da ƙera wani inji da ya fi alƙalami saurin haifar da ita. Dubi kan katakon da Hausmann ya yi wajen 1920: kai ne irin wanda masu gyaran gashi ke ɗora gashin kanti a kai, ya kafa masa rula, da tef ɗin tela a goshi, da kayan cikin agogo, da jakar kuɗi a ƙeya, da ɗan kofin ƙarfe a tsakar ka. Ba wanda zai kalle shi ya ce ba ya nufin komai. Mutumin zamani ne wanda ba abin da ke cikin kansa sai abin da aka liƙa masa daga waje. Wannan hujja ce cikakkiya, da muƙaddima da natija, sai dai da ƙusa da gam aka jera ta.

A cikin wannan yanayi Schwitters ya iso. An haife shi a Hannover a 1887, iyayensa masu gidajen haya ne, yana da farfaɗiya, don haka yawancin aikin yaƙinsa zanen inji ne a wata masana'antar ƙarfe. Hausmann ya ba da labarin haɗuwarsu a wani gidan shan kofi a Barlin, inda baƙon ya gabatar da kansa a matsayin mai zanen da ke kafa hotunansa da ƙusa. Hausmann ya so shi nan take. Huelsenbeck ya ƙi. Dalilansa biyu ne. Na farko, Schwitters yana baje aikinsa a zauren Der Sturm na Herwarth Walden, cibiyar masu salon bayyana zuci da 'yan Dada suka ɗauka abokan gaba, suna zarginsu da gudu cikin ruhi alhali ana harbin mutane a titi. Na biyu kuwa zamansa ne: mutum mai mata da ɗa, mai kwala fara, yana zaune a gidan iyayensa a unguwar masu rufin asiri. A idon Huelsenbeck irin wannan mutum shi ne ainihin abin da suke yaƙa.

Schwitters bai yi zuciya ya bar sana'a ba. Ya kafa ƙungiyarsa, shi kaɗai ne ɗan cikinta. A wani hoto da ya haɗa a 1919 akwai guntun tallar wani banki, an yage kalmar Kommerz, saura haruffa huɗu: Merz. Kamar a ce ka yaga "kasuwanci" ya rage "suwa", ka ce daga yau sunan aikinka ke nan, sunan mujallarka ke nan, har kai ma sunanka ke nan. Yakan bi titi kansa a sunkuye, aljihunsa cike da tikiti da marfin kwalba da guntun waya, kamar ɗan jari-bola. Ya bayyana cewa yaƙi ya farfasa komai, dole a gina sabo daga tarkacen. A shekarar ce kuma ya fitar da waƙarsa ta Anna Blume, waƙar soyayya da ta karya nahawu da gangan, ta cakuɗa launuka da lamirai. Ta yi farin jini ƙwarai, har aka manna ta a ginshiƙan talla na Hannover a 1920, jaridu suka yi ta cece-kuce. Mutumin da aka hana shiga ya fi masu gida suna a bakin jama'a. A littafin shekara na Dada da Huelsenbeck ya shirya a 1920 sai da ya keɓe wuri ya ce Dada ba ruwanta da irin wannan waƙa.

Amsar Schwitters ta zo da wasan kalma. A Jamusanci farkon sunan Huelsenbeck yana kama da kalmar da ke nufin ɓawo, irin na wake ko gyaɗa. Sai ya raba 'yan Dada gida biyu: 'yan ƙwaya, su Tzara da Arp, da 'yan ɓawo, mabiya Huelsenbeck, waɗanda ya ce sun mai da Dada siyasa. Ya kuma faɗa ƙarara cewa shi Merz fasaha yake nema, ba rushe ta ba.

An ce kishi kumallon mata, amma wanda ya karanta wasiƙun waɗannan maza zai san ba mata kaɗai ke amayar da shi ba. Duk da haka zalunci ne a ce kishi ne kawai. Akwai tambaya ta gaske a ƙarƙashi, kuma jini na zuba a kanta. Grosz da Heartfield da Herzfelde sun shiga jam'iyyar kwaminis tun kafuwarta a ƙarshen 1918, bayan mako biyu aka kashe shugabanninta, Rosa Luxemburg da Karl Liebknecht. A Maris 1920, lokacin yunƙurin juyin mulkin Kapp, aka yi harbe-harbe a Dresden, gomman mutane suka mutu, wani harsashi kuma ya shiga gidan zane ya huda wani hoto da Rubens ya zana. Mai zane Oskar Kokoschka, malami a makarantar zane ta garin, ya fitar da roƙo cewa a riƙa yin faɗan a wani fili nesa da kayan tarihi. Grosz da Heartfield suka yi masa raddi mai zafi, suka ce gara harsashi ya shiga gidan zane da ya shiga gidan talaka. Wanda ke da wannan ra'ayi, me zai yi da mutumin da ke zaune yana auna ko jan tikiti ya dace da shuɗin takarda? A wajensu almakashi makami ne. A wajen Schwitters kayan gini ne. Na daɗe ina juya maganar, zuciyata tana wajen Schwitters, amma ba zan iya cewa su Heartfield sun yi kuskuren karanta zamaninsu ba.

Hannah Höch ce ta nuna cewa ba dole a zaɓi ɗaya ba, ita ma kuwa da ƙyar aka bar ta ta shiga. Tana aiki kwana uku a mako a kamfanin jaridu na Ullstein, tana zana samfurin saƙa da ɗinki, don haka mujallu da almakashi abincinta ne. Da aka zo shirya babban baje kolin Dada a zauren Otto Burchard, wanda ya ci daga ƙarshen Yuni zuwa Agustan 1920, Grosz da Heartfield ba su so a sa aikinta ba, sai da Hausmann ya ce in ba ita to ba shi. Hans Richter, da ya zo rubuta tarihin ƙungiyar bayan shekaru, abin da ya fi tunawa da ita shi ne ita ke samo musu burodi da kofi. Aikin da ta kawo kuwa, wanda sunansa ya fara da yanka da wuƙar kicin, ya wuce mita ɗaya a tsayi: ga sarkin Jamus da aka tuɓe, ga janar-janar, ga Einstein, ga ƙafafun inji da 'yan rawa, ga 'yan Dada su kansu an ɗora kawunansu a jikin da ba nasu ba. A kusurwar ƙasa ta manna taswirar Turai mai nuna ƙasashen da mata suka sami 'yancin zaɓe, ta liƙa 'yar fuskarta a gefe. Siyasa ce tsantsa, kuma ginin hoto ne da ba ya gundura. Yau in an buɗe littafi a kan Dadan Barlin, galibi shi ake fara gani.

A rufin zauren baje kolin an rataye mutum-mutumi cikin kakin hafsa da kan alade, aikin Heartfield da Rudolf Schlichter. Soja suka kai ƙara. A 1921 kotu ta ci Grosz tarar mark 300, Herzfelde mark 600, saboda wani kundin zanen Grosz da ya ci mutuncin soja. A gaban alƙali masu kare su sun karkata ga cewa abin wasa ne, marubuci Kurt Tucholsky kuma ya ji haushin wannan ja da baya ƙwarai. Daga nan kulob ɗin ya watse.

Abin da ya biyo baya ya fi ƙungiyar tsawo. A 1921 Schwitters da matarsa Helma suka tafi Prag tare da Hausmann da Höch. A can ya ji Hausmann yana karanta wata gajeriyar waƙa ta baƙaƙe zalla, ya ɗauki sautin ya yi ta gina shi shekara goma, har ya zama Ursonate, doguwar waƙar sauti mai sassa huɗu, tsararriya kamar kiɗan gargajiyar Turai. Babu kalma a ciki, amma akwai amshi, akwai komawa, akwai tsari mai tsauri. A gidansu na titin Waldhausen kuma ya fara wani gini a cikin ɗaki, ginshiƙai da koguna na katako da farar ƙasa, yana ɓoye gashin aboki a nan, guntun fensirin wani a can, har ginin ya ci ɗakuna da dama. Heartfield shi kuma ya kai almakashinsa mujallar ma'aikata ta AIZ, ya yi hotuna fiye da 200. A 1932 ya ɗauki taƙamar Hitler cewa miliyoyi na bayansa, ya haɗa hotonsa yana ɗaga hannu, wani ƙaton attajiri a bayansa yana sa masa takardun kuɗi a tafin. Ban san wata maƙala da ta yi wannan bayani cikin ƙiftawar ido ba.

Grosz ya bar Jamus zuwa Amurka a Janairun 1933. A Afrilu Heartfield ya diro daga barandar gidansa lokacin da 'yan Nazi suka zo kama shi, ya ƙetara duwatsu zuwa Prag. Hausmann ya tafi tsibirin Ibiza, Huelsenbeck ya isa New York a 1936 ya zama likitan ƙwaƙwalwa da sunan Charles Hulbeck. Schwitters ya gudu Norwe a Janairun 1937. A watan Yuli na shekarar gwamnatin Nazi ta buɗe baje kolin abin da ta kira gurɓatacciyar fasaha a Munich, mutum fiye da miliyan 2 suka shiga. Akwai bango guda da aka keɓe wa Dada, an rubuta wata magana ta Grosz da manyan haruffa, a ƙarƙashinta kuma an rataye hotunan Schwitters a karkace, har da wanda kalmar Merz ta fito daga cikinsa. Masu rataye su ba su tambayi waye ƙwaya waye ɓawo ba. Wannan hoton ba a sake ganinsa ba.

Höch ba ta gudu ba. A 1939 ta koma wani ɗan gida a Heiligensee, can gefen Barlin inda ba wanda ya san ta, ta yi shiru tana noman lambu, ta ɓoye takardu da hotuna da wasiƙun mutanen da suka so hana ta bango a 1920. Da an kama ta da su, da ta shiga uku. Kaso mai yawa na abin da aka sani yau game da Kulob ɗin Dada daga akwatunanta ya fito.

Gabar da ke tsakaninsu kuwa ba ta mutu da Yaƙin Duniya na Biyu ba. Da mai zane Robert Motherwell yake haɗa kundin rubuce-rubucen Dada da ya fito a New York a 1951, Huelsenbeck da Tzara suna nan suna jayayya a kan wanda ya tsinci kalmar a 1916, kalmar da suka ce ba ta nufin komai. Schwitters da Hausmann, ɗaya a Ingila ɗaya a Limoges ta Faransa, dukansu cikin talauci da ciwo, sun yi ta musayar wasiƙu a 1946 da 1947 don fitar da wata 'yar mujalla mai suna PIN, saɓani ya shiga tsakani, mujallar ba ta fito ba.

Schwitters ya riga ya rasa kusan komai a lokacin. Da Jamus ta mamaye Norwe a 1940 ya tsallaka Birtaniya, aka tsare shi fiye da shekara a tsibirin Man a matsayin ɗan ƙasar abokan gaba, inda rashin kayan aiki ya sa yake gina siffofi da ragowar fate-faten hatsi. Bom ya rushe ginin Hannover a 1943, Helma ta rasu a 1944 ba su sake ganawa ba. Akwai irin ginin a Sprengel, na shiga, amma kwaikwayo ne da aka gina daga hotuna uku da aka ɗauka a 1933. Ya ƙare a Ambleside, wani ƙauye a arewacin Ingila, yana zana fuskokin mutanen gari da furanni don ya sami na abinci. A 1947 gidan adana zanen zamani na New York ya aiko masa da tallafi, ya karɓi hayar wata rumfar dutse a Elterwater, ya fara wani sabon gini: farar ƙasa, duwatsu, guntun ƙarfe, igiya, duk abin da ya tsinta a hanya. Yana zuwa cikin sanyi, zuciyarsa na ciwo, ya yi 'yan awoyi ya koma. Bango ɗaya ya samu ya yi. Ya rasu a Kendal ranar 8 ga Janairu 1948 yana da shekara 60. Rumfar ta yi ta yoyo har 1965, sannan aka yanke bangon ɗungurungum, aka ɗora a babbar mota aka kai shi zauren Hatton a jami'ar Newcastle, inda yake har yau.